Masu Cin Dankali: yanda Van Gogh ya zana talakawan Nuenen a 1885, da rigimar da ta biyo baya

Duk wanda aka ce masa Van Gogh, abun da ke fara faɗo masa a rai shi ne furannin nan masu ruwan ɗorawa, ko sararin samaniya da taurari suna ta juyi, ko kuma labarin yanke kunne. To amma duk waɗannan a Faransa aka yi su, cikin shekaru huɗu da 'yan watanni na ƙarshen rayuwarsa. Kafin nan mutumin nan yawanci mai zanen ƙauye ne, zanen cikin ɗaki mai duhu da hayaƙi, mata na ferar dankali, masaƙa a bakin aiki, tsohuwa a gindin murhu. Kuma aikin da shi kansa ya fi ji da shi, wanda ya ce da bakinsa shi ne mafi kyau a duk abun da ya yi, ba ko ɗaya daga cikin masu kalar nan ba ne. Zane ne na mutum biyar sun zagaye kwano ɗaya na dankalin turawa da daddare, ana kiransa Masu Cin Dankali, ya yi shi a wani ƙauye mai suna Nuenen a kudancin ƙasar Holan tsakanin watan Afrilu da Mayu na 1885.

An haifi Vincent van Gogh ran 30 ga Maris 1853 a Zundert da ke ƙasar Holan, babansa fasto ne. Yana ɗan shekara 16 aka kai shi aiki kamfanin dillancin zane-zane na Goupil, ya zauna a Hague, ya zauna a Landan da Faris, a 1876 suka sallame shi. Ya taɓa koyarwa, ya gwada karatun addini bai kai ko'ina ba, ya je wa'azi cikin masu haƙar kwal a yankin Borinage na Beljiyam, can ma masu coci suka dakatar da shi saboda sun ga abun nasa ya wuce gona da iri, yana rabar da kayan sawarsa yana kwana a ƙasa. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya ce shi kam zane zai yi. Wato lokacin da ya iso Nuenen a Disambar 1883 ya riga ya cika talatin, ba mata ba sana'ar da ke kawo ko kwabo, ƙaninsa Theo da ke dillancin zane a Faris shi ke turo masa kuɗi duk wata, kuma ya dawo gidan iyaye ne don ba shi da inda za shi. Shi da kansa ya rubuta wa Theo cewa a gidan ana jin nauyin karɓarsa kamar yanda ake jin nauyin shigo da ƙaton kare mai gashi buzu-buzu cikin ɗaki da jiƙaƙƙun ƙafafu. Daga nan kaɗai za ka gane zaman ba daɗi.

Nuenen ƙauyen 'yan Katolika ne, 'yan Furotesta ba su taka kara sun karya ba, kuma babansa shi ne faston wannan 'yar jama'ar. To ka ga ɗan fasto, baƙo, mai jan gemu, yana yawo da kayan fenti yana leƙa gidajen mutane, dole a zuba masa ido. Da farko a ɗakin wanki na bayan gidan faston yake aiki, a watan Mayun 1884 sai ya kama hayar ɗaki a wajen mai kula da cocin Katolika, abun da shi ma bai yi wa mutanen gidansu daɗi ba. Shekarar 1884 kusan duk a kan masaƙa ya ƙare ta, mutanen da ke saƙar hannu a cikin ɗakunansu, katakon saƙar ya cinye rabin ɗaki, kuɗin da suke samu bai kai ya kawo ba, ga masaƙu na zamani sun fara kashe musu kasuwa. A nan bari in ɗan ratse: garin Helmond yana nan kusa da Nuenen, kuma a can ne kamfanin Vlisco yake tun 1846, masu atamfar nan 'yar Holan da ake ji da ita a lefe. Yankin ɗaya ne.

Yanzu ga inda maganar take. A lokacin nan zanen talakan ƙauye a cikin ɗakinsa ba sabon abu ba ne a Holan, kasuwa ce ma mai ci. Babban gwanin harkar shi ne Jozef Israëls, wanda ya yi suna da zanen masunta da manoma, gwauruwa zaune gefen gado, uwa na ba yaro abinci, har a 1882 shi ma ya zana iyalin manoma a kan abinci. Attajiran Ingila da Sikotilan da Amurka suna saye suna ratayewa a falo. Van Gogh yana ganin girman Israëls sosai, haka ma Millet, mai zanen manoma na Faransa, bai taɓa ɓoye wannan ba. Sai dai talaucin da ke cikin waɗancan zanen talauci ne mai ladabi, wanda aka wanke aka goge, haske na shigowa ta taga a hankali ya sauka a kumatun jariri, mai kuɗi ya kalla ya ji tausayi ya wuce cin abincinsa. Shi kuma Van Gogh ya ce a'a. A wasiƙarsa ta ƙarshen Afrilun 1885 ya faɗa wa Theo cewa in zanen manoma yana warin hayaƙi da tururin dankali to madalla, in garke yana warin taki ai don haka yake garke, ba aikin mai zane ba ne ya fesa masa turare.

Bai faɗa aikin kai tsaye ba. Duk hunturun 1884 zuwa 1885 kawuna ya yi ta zanawa, fuska bayan fuska, sama da 40, ga kuma hannaye, hannu riƙe da cokali, hannu riƙe da buta, hannu a kan gwiwa. Lokacin sanyi ba aikin gona, don haka mutane na yarda su zauna masa ya biya su ɗan abun da ya samu, kuma kuɗin Theo da yawa a nan suke tafiya, shi kuwa ya ƙare da burodi da kofi da taba. Akwai wani abu a nan da ba na jin ya kamata a rufe: da gangan yake zaɓar fuskoki. Yana neman masu faffaɗar fuska, gajeren goshi, kaurin leɓe, ƙashin kumatu a waje. Wato ya riga ya ƙulla a ransa yanda manomi ya kamata ya kasance, sannan ya shiga ƙauye neman wanda ya dace da hoton. Yana son mutanen nan, wannan ba shakka, amma so ne na ɗan gidan fasto mai karatu da yake ganinsu kamar wasu halittu da suka tsiro daga ƙasar da suke nomawa. Masu cewa ya zana gaskiya tsirara su riƙa tuna wannan.

Ana cikin haka ran 26 ga Maris 1885 babansa ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida ya rasu. Dama ba sa jituwa, kullum cikin cacar baki, har ƙanwarsa Anna ta ɗora masa laifi, ba a jima ba ya kwashe kayansa ya koma ɗakin hayarsa da kwana. Makonni kaɗan da rasuwar ya duƙufa kan babban zanen.

Gidan da ya samu shiga shi ne na iyalin De Groot. Da yamma yake zuwa, lokacin da suka kunna fitila za su ci abinci, ya zauna a lungu yana ta zane a cikin duhun da shi kansa da ƙyar yake ganin fentin da ke hannunsa. Ya fara da ƙaramin gwaji, ya yi na biyu babba, wanda yanzu yake gidan adana zane na Kröller-Müller a Otterlo, sannan ya yi na ƙarshen mai faɗin santimita 114 da tsayin 82. Na ƙarshen nan ba a gidan ya yi shi ba, a ɗakin aikinsa ya yi shi, yawanci da ka, sai dai ya koma gidan da dare ya duba wani abu ya dawo ya gyara. Ya so ya gama ya aika wa Theo a ranar haihuwar Theo ɗin, 1 ga Mayu, bai samu ba. Da ya ga hannunsa ya ƙi barin zanen, kullum sai ya ƙara taɓawa, sai ya ɗauke shi ya kai ajiya gidan wani abokinsa a garin Eindhoven da ke kusa don kar ya lalata da kansa.

In ka tsaya gaban zanen, abun da za ka fara gani shi ne duhu, sai idonka ya saba tukuna. Fitilar mai ɗaya ce rataye a sama, haskenta bai fi na aci-balbal ba, ita ke haska komai. Tebur a tsakiya, faranti ɗaya cike da dankali yana tururi, wasu sun miƙa cokali mai yatsu a ciki. A dama wata tsohuwa da farar hula tana zuba baƙin kofi a ƙananan kofuna, kanta a sunkuye, wanda ke gefenta yana miƙo mata nasa. A hagu wani namiji da hula hana-sallah, kusa da shi wata matashiya ta zuba masa manyan idanu, shi kuma hankalinsa na wani waje. Sai wata yarinya da ta ba mu baya, ita ce a gaba, ba ka ganin fuskarta kwata-kwata, sai tururin abincin da ya zagaye kanta. A bango can sama akwai agogo da wani ɗan hoton addini. Ba mai dariya, ba mai magana, kuma in ka lura babu mutum biyu da idonsu ya haɗu. Hannayen kuwa duk gaɓoɓi ne da ƙulle-ƙulle, yatsu kamar saiwa.

Hannayen nan su ne zancen gaba ɗaya. Ya rubuta wa Theo cewa so yake mai kallo ya gane mutanen nan da ke cin dankalinsu a hasken 'yar fitila, da hannun da suke sawa a kwanon da shi suka tona ƙasar, wato guminsu suke ci, halak malak. Kalar fuskokin ma da farko ya yi su da ɗan haske, sai ya ga ba haka ba ne, ya shafe ya sake, ya ce kalar da yake nema ita ce ta dankali mai ƙura wanda ba a fere ba. Kuma duhun nan da ake gani ba baƙin fenti ya kwaɓa ya shafa ba, kaloli ne yake karyawa da juna, ja da kore, shuɗi da ruwan ƙasa, har su mutu su koma wani abu tsakanin toka da kore. Farar hular matan ma in ka ware ta ka ɗora a kan farar takarda toka-toka ce mai duhu, maƙwabtanta ne suka sa take haske. Shi ya sa ya roƙi Theo da a rataye zanen a jikin abu mai ruwan zinare ko kalar nunanniyar alkama, in ba haka ba zai dushe. Ya kwatanta aikin da saƙa ma, ya ce duk hunturu yana riƙe da zaren yana neman yanda zai haɗa shi, zaman da ya yi da masaƙa bai tafi a banza ba kenan.

To sai zumuɗi ya ja shi ya yi wani abu da ya jawo masa. Tun kafin ya gama babban zanen ya garzaya wata maɗaba'a a Eindhoven ya zana hoton a kan dutse, irin wanda ake shafa wa tawada a buga a takarda kwafi da yawa, don ya raba wa mutane su san abun da ke tafe. Da ka ya yi shi, cikin sauri, bai ma juya shi ba, shi ya sa da aka buga na dama ya koma hagu. Ya aika wa abokinsa Anthon van Rappard kwafi ɗaya. Rappard ɗan manyan gida ne, ya yi makarantar zane, sun san juna tun 1880 a Brussels, shi ma talakawa da ma'aikata yake zanawa, har Nuenen ya sha zuwa suna fita aiki tare. Amsar da ya turo a ƙarshen watan Mayu ba sauƙi. Ya ce wannan ba aikin da aka yi da gaske ba ne, ya tambaya me ya sa mutumin can ba shi da gwiwa ba shi da ciki, me ya sa hannunsa ya gaza da kusan mita guda, ina rabin hancinsa, butar can me take yi tunda ba a ajiye take ba kuma ba a riƙe take ba. Ya rufe da cewa da irin wannan aikin har kana da bakin kiran sunan Millet?

Van Gogh ya mayar masa da wasiƙarsa. Haka kawai, ya sa a ambulan ya mayar. Daga baya ya biyo da wasiƙu masu zafi yana neman Rappard ya janye maganarsa, an ɗan yi ƙoƙarin gyarawa amma abota ta shekara biyar a nan ta mutu, ba su ƙara haɗuwa ba.

Ni a ganina Rappard bai yi ƙarya ba a abun da ya lissafa. Je ka duba, ko a babban zanen ma zaman mutanen bai zauna daidai ba, kujerar na hagu da jikinsa kamar ba su san juna ba, ɗakin ya matse, ba ka gane inda kafaɗa ta ƙare hannu ya fara. Mutumin da ya fara zane a shekara 27, bai yi makaranta ta kirki ba, ya ɗauko abu mafi wuya, mutum biyar a hasken fitila ɗaya, dole a ga gurbi. Inda Rappard ya kauce shi ne da ya ɗauka gurbin ne duka labarin, kuma fa kwafin takarda ya gani ba zanen fentin ba. Amsar da Van Gogh ya bayar a wata wasiƙa ga Theo cikin bazarar nan ita ce ta zama hanyarsa har ya mutu: ya ce shi da a ce mutanen da yake zanawa sun fito daidai ma'auni irin na makaranta da ya shiga uku, abun da yake nema shi ne ya koyi karkatarwa da sauyawa, a kira shi ƙarya in an ga dama, amma ƙaryar da ta fi gaskiyar ido gaskiya. Wani zai ce ai wannan borin kunya ne, wanda bai iya ba ya ce da gangan ya yi. Akwai ƙamshin haka kaɗan. Sai dai abun da ya zo ya yi a Faransa daga baya ya nuna ba fatar baki ba ce.

Theo ma bai yi tsalle ba. Ya yaba wasu wurare, ya yi ƙorafin jikkunan da kuma duhun, ga shi a Faris lokacin zanen haske da kala ne ke tashe. Ya nuna wa wani dillali mai suna Portier, ya ɗan nuna sha'awa, maganar ta tsaya nan. Ba wanda ya saya. Zanen ya ƙare rataye a gidan Theo.

A ƙauye kuma tsugune ba ta ƙare ba. Matashiyar nan mai manyan idanu, Gordina de Groot, wadda ya zana fuskarta sau da yawa, sai ga ta da ciki ba aure. Wa za a nuna in ba mai fentin da ke shiga gidansu da daddare ba? A watan Satumba fadan Katolika ya hana mabiyansa zama a zana su, Van Gogh ya rubuta cewa har kuɗi aka yi wa mutane tayi don su ƙi. Shi dai ya musanta, ya ce ita da kanta ta faɗa masa mai cikin, kuma ɗan cocin fadan ne. Ko ma dai yaya, ƙofofi sun rufe. Mai zanen mutane ya koma zanen sheƙar tsuntsaye da kwandon dankali da tukwane, don su ba mai hana su zama. A Oktoba ya je Amsterdam ya kwana biyu yana kallon aikin tsofaffin gwanayen zanen Holan, Rembrandt da Frans Hals, a sabon gidan tarihi na Rijksmuseum da aka buɗe a shekarar, ya dawo, a ƙarshen Nuwamba 1885 ya tattara ya tafi Antwerp ta Beljiyam, daga can sai Faris a farkon 1886. Bai sake taka ƙasar Holan ba. Shi ya tafi abunsa, ita kuwa Gordina a ƙauyen ta ci gaba da zama da ɗanta da bakin mutane, kuma ba a cika tsayawa a kan wannan ɓangaren ba in ana ba da labarin.

A Faris kalarsa ta buɗe, duhun Nuenen ya tafi, amma bai saki zanen nan a ransa ba. A 1887 ya rubuta wa ƙanwarsa Willemien cewa a duk aikinsa na manoma masu cin dankali da ya yi a Nuenen shi ne ya fi, a cikin wasiƙar har yana tambaya ko Gordina ta yi aure, ko ɗan nata ya rayu. A 1890 yana asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy ta Faransa ya fara zane-zanen gwaji na mutane a bakin tebur da niyyar sake yin sa, bai kai ga yi ba, ya rasu ran 29 ga Yuli 1890 yana da shekara 37. Theo ya bi shi bayan wata shida, matar Theo, Jo, ita ta riƙe zanen da wasiƙun ta yi ta tallata su har duniya ta waiwayo.

Yanzu zanen yana gidan adana ayyukan Van Gogh a Amsterdam, wanda aka buɗe a 1973. A 2021 sun yi baje koli na musamman a kansa, tambayar da suka ɗora shi a kai ita ce kuskure ne ko gwaninta, wato gardamar Rappard ce dai aka sake buɗewa bayan shekara 136. Nuenen ɗin da aka hana mutane zama masa yanzu da sunansa take jan 'yan yawon buɗe ido, har gidan tarihi suka yi masa. Ɓarayi ma sun san darajar abun: a Disambar 1988 an sace na gwajin da ke Otterlo, aka samo shi a 1989, sannan ran 14 ga Afrilun 1991 'yan fashi suka kwashe zane 20 daga gidan na Amsterdam, har da Masu Cin Dankali. Motar da za ta zo ta ɗauke su ta yi faci a hanya, suka watsar da kayan a cikin mota kusa da tashar jirgin ƙasa ta Amstel suka gudu, 'yan sanda suka tsinci zane-zanen bayan kamar minti 35, uku daga ciki sun yage sosai, daga baya aka kama mutanen aka ɗaure su.